Ƙararrawa Mai Ido da Wutar da Take Sha

Cikin tsarabar da fatake ke shigowa da ita daga Dubai, Kano ko Kwatano, da wadda ma'aikatan gwamnati ke komowa da ita daga tafiyar aiki a Turai da Amurka, akwai wani ɗan kaya wanda tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, amma ana sayensa da kuɗi masu nauyi. Wannan kaya shi ne ƙararrawar ƙofa mai ido, wato wadda aka haɗa mata kamara da lasifika, ta yadda in baƙo ya danna ta, sai salular maigida ta yi ƙara, ya ga fuskar mai sallama, ya kuma yi magana da shi, ko da kuwa yana can kasuwar Kantin Kwari ana ɗaure masa dilar atamfa. Ga ɗan kasuwar da ke raba kwanansa tsakanin Maraɗi da Legas, ko ma'aikacin da aka kai Diffa alhali iyalinsa na Damagaram, amfanin wannan abu a fili yake, domin gani ya kori ji.

Sai dai sau da yawa murnar takan koma ciki tun ranar farko. Wata ƙararrawar da zarar an ɗaura mata waya sai a ji ƙauri, shi ke nan ta mutu. Wata kuma ta kama, ta yi aiki da rana, dare na yi ta ɗauke. Wata ita lafiyarta ƙalau, amma tsohuwar ƙararrawar da ke cikin gida ta shiga gurnani ba dare ba rana kamar an rufe zuma a tulu. Daga nan sai laifi ya faɗa kan mai kanti, a ce jabu ya sayar, ko kan yaron da ya ɗaura, a ce bai iya aiki ba. Alhali kuwa mafi yawan lokaci ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya faru shi ne, an ba naurar wutar da ba tata ba, domin ba wanda ya tsaya ya auna abin da ke gudana cikin wayoyin nan biyu da suka leƙo daga bango.

Kafin a gane dalili, tilas a san gidan da aka ƙera wannan kaya dominsa. Wani Ba'amurke mai suna Jamie Siminoff ne ya fito da ƙararrawarsa a 2013 da sunan Doorbot, daga baya ta koma Ring, kuma a 2018 kamfanin Amazon ya saye ta a kan kuɗin da aka ƙiyasta sun kai miliyar ɗaya na dalar Amurka. A wannan shekara ta 2018 ne kuma ƙararrawar Nest Hello, ta ɓangaren Google, ta shigo kasuwa. Dukansu an tsara su ne bisa yadda ake ɗaura ƙararrawa a gidajen Amurka, inda wutar bango take bolt 120, kuma ko ita ba a barin ta ta isa ƙofa. Akan sa wani ɗan taransifo ya sauko da ita zuwa bolt 16, sannan a yi zobe guda da waya: daga taransifo zuwa ƙararrawar cikin gida, daga ita zuwa madannin da ke ƙofa, daga madanni a komo taransifo. Madannin ba kome ba ne illa mahaɗa. In an danna shi zoben ya rufe, wuta ta bi ta cikin wani naɗin waya, naɗin ya zama maganaɗisu ya fizgi wani guntun ƙarfe ya bugi faranti. In an saki, guntun ƙarfen ya koma ya bugi faranti na biyu. Wannan shi ne amo biyu da ake ji.

Dabarar da masu ƙera ƙararrawa mai ido suka yi ita ce, suka cire madannin suka sa naurarsu a gurbinsa, ba tare da an ja sabuwar waya ba. To amma madanni ba ya cin wuta, ita kuwa kamara da rediyonta na wifi ba sa barci. Saboda haka sai naurar ta riƙa tsotsar wuta kaɗan-kaɗan ta cikin naɗin ƙararrawar ciki, gwargwadon abin da zai rayar da ita amma bai isa ya motsa guntun ƙarfen ba. In baƙo ya danna, sai ta haɗe wayoyin biyu na ɗan lokaci don ƙararrawar ciki ta buga, ita kuma ta jingina da wani ɗan batir da ke cikinta har a gama. Duk wanda ya riƙe wannan bayani, to sauran matsalolin za su zo masa da sauƙi, domin kusan dukansu daga nan suke tsirowa.

A ƙasar Nijar wutar bango bolt 220 ce, kuma a gidaje da yawa ƙararrawar da magina suka saba ɗaurawa ba ta da taransifo ko kaɗan. Kai tsaye take shan wutar bango kamar ƙwan fitila, wato wayoyin nan biyu da ke bayan madannin ƙofa suna ɗauke da bolt 220 cif. A ido ba su da bambanci da waɗanda aka zana cikin takardar kwali, amma kama da wane ba ta wane. Naurar da aka ƙera don ta sha abin da bai wuce bolt 24 ba, in aka ba ta kusan ninki goma na wannan, ba ta da wani jinkiri: cikinta zai ƙone nan take, kuma ba kamfanin da zai karɓi irin wannan ɓarna da sunan garanti. Asarar kuɗin ma ita ce ƙarama. Ƙofofin gidajen birni na ƙarfe ne, yara na wasa a gindinsu ba takalmi, damina kuma na jiƙa bango, don haka wayar 220 da aka murɗa a kan ƙananan kusoshin da ba a yi su don ita ba tana iya zama ajalin wani.

Saboda haka aikin farko shi ne awo, kuma ba da ido ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to a sha'anin wuta bai san ko da ƙimar ba. Sukudireban nan mai ɗan haske da kowane yaron mai gyaran wuta ke sagale da shi a aljihu, iyakarsa ya nuna akwai wuta, ba ya faɗin yawanta, kuma in magini ya bi da madanni ta wayar da ba ta kamata ba yana iya ruɗar da mutum. Abin da ake bukata shi ne miltimetir. A kashe disjontar da ke gindin kontar, a kwance tsohon madanni, a raba wayoyin biyu kada su taɓa juna, a mai da wuta, a juya miltimetir zuwa alamar V mai ɗan lanƙwasasshen layi a gefe, a kan ma'auni mafi girma, sannan a ɗora bakinsa biyu a kan wayoyin. Lambar da ta fito ita ce alƙali. Wannan aiki na wanda ya saba da wuta ne, kuma maigida bai rage kome daga girmansa ba in ya tsaya a kan mai gyaran ya ce: "Malam, nuna mini lambar tukuna kafin ka ɗaura." Ana kuma iya duba bayan akwatin ƙararrawar ciki, in an ga an rubuta 220V ko 230V, magana ta ƙare.

In awo ya nuna 220, ba a fasa aikin ba, amma tsohuwar ƙararrawar ta tashi daga aiki ke nan, don ba za ta zauna zobe ɗaya da sabuwar ba. Mai gyara zai cire ta, ya raba wayoyin ƙofa da wutar bango rabuwa ta har abada, ya tabbatar da haka da awo, sannan ya girka taransifo a cikin gida, kusa da allon disjontar inda ruwa da rana ba sa isa, ya ɗaura wayoyin ƙofar a bakinsa na ƙaramar wuta. Don mutanen gida su riƙa jin sallama, sai a sayi ƴar ƙararrawar nan da ake soka wa a bango, wadda ke karɓar saƙo ta iska.

Wurin sayen taransifo ne ake yin kuskure na biyu, kuma masu yin sa su ne waɗanda suka fi ƙoƙari. Mutum ya karanta cewa naurarsa na son bolt 16, sai ya haɗo da taransifonta tun daga Amurka, yana ganin ya yi dabara. Amma taransifo ba ya ƙirƙirar adadi, rabawa yake yi bisa yawan naɗin da ke cikinsa. Wanda aka naɗa don ya mai da 120 zuwa 16, in aka ba shi 220 zai yi yunƙurin fitar da wajen bolt 29, kuma ba zai daɗe yana yi ba, domin ƙarfen cikinsa zai ƙoshi, ya yi zafi, ya ƙone, wani lokaci har da abin da ke kusa da shi. Bugu da ƙari, wutar Amurka tana kai da komo sau 60 a daƙiƙa, ta nan kuwa sau 50, abin da ke ƙara wa irin wannan taransifo zafi. Naurar ƙofar ita ba ruwanta da wannan bambanci, an rubuta mata 50/60Hz. Taransifon ne tilas ya zama na 220 ko 230, mai 50Hz.

Akwai kuma gidajen da aka gina bisa tsarin Faransa, inda ake samun ɗan taransifo jere da disjontoci. Mai irin wannan gida ya tsira daga ƙonewa, amma bai tsira daga yunwa ba, domin waɗannan galibi bolt 8 ko 12 suke bayarwa, kuma ƙarfinsu kaɗan ne. A nan dole a karanta kwali da natsuwa, saboda ko a kamfani ɗaya naurorin ba ci ɗaya gare su ba. Ring masu babban batir da ake cajawa suna karɓar daga bolt 8 zuwa 24, don wayar ba ta yi musu kome sai ɗura wa batirin wuta a hankali. Ring Pro kuwa, wadda rayuwarta duka a kan waya take, tana neman 16 zuwa 24. Nest Hello da aka yi wa kasuwar Amurka ita ma 16 zuwa 24 take so, wadda aka yi wa Turai kuma tana farawa daga 12.

Ban da bolt akwai wata lamba da ake yawan tsallakewa, wadda ake rubutawa da haruffan VA. In bolt shi ne tsayin da ruwa ke gangarowa daga bisa, to VA shi ne yawan ruwan da famfon zai iya bayarwa ba tare da ya shaƙe ba. Ana samun sa ne in an ninka bolt da ampar: taransifo mai bolt 8 da ampar ɗaya, VA 8 gare shi. Taransifo na iya nuna lamba mai kyau a miltimetir lokacin da ba a ɗora masa kome ba, amma da an ɗora kaya ya durƙushe. Alamomin wannan yunwa sanannu ne. Da rana naurar na aiki, da magariba ta yi sai ƙananan fitilunta na ganin dare su kunna, cinta ya ƙaru, ta ɗauke. Ko kuma baƙo ya danna, maimakon hoto ya zo sai ta mutu ta sake tashi, kafin ta farfaɗo baƙon ya gaji ya tafi. Wannan na biyun yakan nuna cewa ɗan batirin cikinta bai samun cika, ko kuma ya tsufa. Kamfanin Ring bai yarda a wuce VA 40 ba, don haka mai 30 ya wadatar wa naura ɗaya da ƙararrawar ciki.

Duk wannan lissafi an yi shi ne bisa zaton wutar bango na tsaye a inda aka ce, abin da kowane mai firigo a ƙasar nan ya san ba haka yake ba. Kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, ya daɗe yana sayo babban kaso na wutarsa daga Najeriya: layin Birnin Kebbi ke kawo ta Yamai tun 1976, layin Katsina zuwa Gazawa kuma ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. Ba a manta yadda aka yanke wannan wuta a watan Agusta na 2023 ba, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har sai da CEDEAO ta ɗage takunkumi a watan Fabrairu na 2024. Ko a lokacin lafiya, unguwar da ke ƙarshen dogon layi takan ga wuta ta yi sanyi da maraice a watannin zafi, sa'ad da kowa ya kunna fanka da naurar sanyaya ɗaki. Tun da taransifo rabawa yake yi, in ta bango ta sauka, tasa ma ta sauka. Wanda aka yi don ya mai da 230 zuwa 16, in wuta ta faɗo 180, bolt 12 da rabi zai bayar, wato ƙasa da abin da Ring Pro ke bukata. Mai 24 kuwa a wannan hali zai ba da kusan 19, aiki na tafiya. Wannan ya sa mai 24 ya fi dacewa da yanayin nan. Amma shi ma yana da nasa haɗari, domin in wuta ta haura 250 zai wuce 26. Maganin duka biyun shi ne a ɗaura taransifon a bayan regilatar, irin wadda ake sa wa talabijin, wadda za ta kuma rage masa dukan da wuta ke yi in ta komo da ƙarfi bayan an ɗauke ta.

Masu sola su yi hattara ta wata fuskar. Batirin sola wuta mai tafiya ɗaya yake bayarwa, alhali mafi yawan waɗannan naurori mai kai da komo aka rubuta musu. Ganin 12 ko 24 a jikin batir bai halatta a ja waya daga gare shi zuwa ƙofa ba, sai in takardar naurar ta faɗi haka ƙarara. Hanyar da ta dace ita ce ta cikin injin da ke juya wutar batir ta koma ta bango, sannan taransifo. In injin na araha ne, wanda wutarsa ba ta fita sumul, za a ji taransifon na kuka yana ɗumi.

Wani abin da takardar kwali ba ta hango ba shi ne faɗin gidajen nan. A Amurka ƙofa a jikin ɗaki take, a nan kuwa tsakanin ƙofar waje da falo akwai zaure, gareji da tsakar gida, tafiyar mita 30 ba abin mamaki ba ce. Wuta kuma zuwa take yi ta komo, wato mita 60 na waya. In aka yi amfani da siririyar wayar talho, rabin ampar kawai zai zubar da fiye da bolt biyu da rabi a hanya. In wayar mai kaurin rabin milimita murabba'i ce, asarar ba ta wuce bolt ɗaya da ɗan kai ba. Ga kuma wayar nan ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, wadda ta cika kasuwa, asararta ta fi haka. A kankare bakinta da wuƙa, in cikin ya fito fari a mai da wa mai ita. Don haka awo wuri biyu ake yin sa, a bakin taransifo da kuma a ƙofa, naura na kunne. In tazarar lambobin biyu ta yi yawa, laifin na waya ne, ko na wata mahaɗa da ta yi tsatsa, ko inda ɓera ko gara suka yi ɓarna a ƙarƙashin ƙasa.

Gurnanin ƙararrawar ciki kuwa, ruwa ba ya tsami banza. Wutar nan da naurar ke tsotsa ta cikin naɗin ce ta yi yawa har ta fara girgiza guntun ƙarfen, kuma in an bar shi haka naɗin na iya ƙonewa. Shi ya sa ake samun wani ɗan ƙulli mai wayoyi biyu a cikin kwalin Ring Pro da na Nest, wanda yara masu ɗauri kan jefar suna zaton kayan gyara ne. Ana ɗaura shi a jikin ƙararrawar ciki, a kan kusoshin da aka rubuta wa Front da Trans, don ya buɗe wa wutar wata hanya ta gefe. Ƙaramar Ring Wired da ta fito a 2021 ita guntuwar waya ce ke zuwa da ita, wadda ke tsallake ƙararrawar ciki gaba ɗaya, saboda haka shirun da za a ji bayan an ɗaura ta ba lalacewa ba ce, haka aka yi ta. Akasin wannan shi ne a ɗaura wasu tsofaffin samfura masu batir kai tsaye a taransifo ba tare da ƙararrawar ciki ba. Tun da naurar haɗe wayoyi take yi in an danna, ba abin da zai tare wutar, shi ya sa kamfanin ya ce a sa rezistans mai om 25 da wat 50 a tsakani. Wayoyin intafon kuma, irin mai kan talho da ke buɗe ƙofa daga ciki, tsarinsu dabam ne, ba a haɗa su da wannan kaya.

Zafi ma wani abokin gaba ne da ake ɗauka matsalar wuta ce. Kamfanin Google ya rubuta cewa ƙararrawarsa na aiki har zuwa digiri 40, na Ring kuma iyakarsu kusan 50, alhali a Yamai da Tawa zafin inuwa na wuce 40 a watannin Afrilu da Mayu, balle baƙar naura da aka manna wa ƙofar ƙarfe mai kallon yamma. Batirin litiyam ba ya son caji in ya wuce digiri 45, don haka sai a ga naurar na kan waya amma batirinta na raguwa. A ɗaura ta a jikin bango maimakon ƙarfe, a yi mata ƴar rumfa, wannan zai kuma taimaki wifi, wanda ƙofar ƙarfe da bangon siminti mai rodi ke toshewa. Wurin zaɓen kusurwa, ya kyautu idon ya kalli bakin ƙofar mai shi kaɗai. Maƙwabcin da ya gane ana ƙirga masu shiga gidansa daga salular wani, ba zai yi shiru ba, kuma gaskiya na gefensa.

In an ɗauke wuta, mai batir za ta ci gaba da rayuwa, amma akwatin intanet na cikin gida ya mutu, ba hoton da zai fita, sai in an sa shi a kan ondilar ko sola. Ring na neman a samu megabit 2 a daƙiƙa na turawa waje kafin hoto ya fito sosai, kuma ba ta ajiye abin da ta ɗauka sai ga wanda ke biyan kuɗin wata da katin banki. Wasu kamfanoni kamar Reolink da Eufy suna ajiyewa a gida, a kan ɗan kati ko wani akwati, Reolink har tana da samfurin da ke karɓar wuta da intanet ta igiyar kwamfuta guda, abin da ke raba mai dogon gida da wahalar taransifo da ta wifi a lokaci ɗaya.

Mai niyyar tafiya sayayya ya tafi da lambar da miltimetir ya nuna a ƙofarsa da tsawon wayar a rubuce, ya kuma nemi samfurin da aka yi wa Turai ko Dubai, domin wutarsu ɗaya da ta nan, kuma wasu na zuwa da taransifonsu na 230 a cikin kwali. Kayan Dubai da na Najeriya kan zo da filogi mai ƙafa uku irin na Ingila, wannan ɗan adafta ya isa ya daidaita shi da bangon Maraɗi. Filogin Amurka mai faffaɗan ƙafa biyu kuwa, adafta siffar ƙafar kawai yake sauyawa, ba ya rage ko bolt ɗaya, don haka ba a soka shi sai an ga 100-240V a rubuce a bayansa.